Abin da Nake Yi a Bayan Kuya Inggo

Talata, 19 ga Janairu, 1993

Efren ya zo shago yau, ɗan marigayi Mang Piling mai kaɗa mana fiyano. Na san shi yana rarrafe a bayan labule, yanzu kowa Direk yake ce masa, wato darakta. Wai yana haɗa wasan waƙe-waƙe da raye-raye irin namu na da, da tsofaffin da suka rage a Manila. Asabar da Lahadi, ƙarfe uku na rana, mako biyar. Zan rera waƙa ɗaya ni kaɗai, sannan ni da Kuya Inggo, tsohon abokin waƙata da na ɗauka kamar yayana, mu yi waƙar jirgin fito, wadda aka san mu da ita.

Ya kamata in ce bari in yi tunani. Bai rufe baki ba na ce to. Ina auna wa wata mata man girki, har na zubar da rabi a kan tebur.

Shekarata sittin da bakwai. Rabona da dandamali shekara ashirin da biyu.

Alhamis, 28 ga Janairu

Gwaji na uku. Rabona da Kuya Inggo tun jana'izar matarsa, shekara shida ke nan. Ya rame, wuyan riga ya yi masa yawa. Wata farar yana ta rufe masa idanu, daga taku uku ba ya gane fuska. Hannunsa na hagu yana rawa, sai ya riƙa cusa shi a aljihu. Muryar dai tana nan, ta ɗan dushe ne kawai. Har yanzu Bunso yake ce mini, wai autarsa, ni da furfura ta gama da kaina.

Baiti na farko nawa ne, na biyu nasa. Shi yana gaba yana fuskantar mutane, ni ina bayansa taku biyu da akwatina, kamar wadda aka bari a bakin kogi. Na biyun nan ne yake kuɓuce masa. Yau sau huɗu. Sai ya yi dariya ya ce waƙar ce ta tsufa, ba shi ba.

Ate Saling, wadda a da take gaban 'yan rawa, ita ke kula da tufafinmu yanzu. Ta buɗa rigata da faɗin yatsa huɗu, ba ta ce uffan ba. Na gode mata a zuci.

Asabar, 6 ga Fabrairu

An buɗe. Zauren bai cika ba. Layukan gaba tsofaffi ne irinmu, wasu jikoki ne suka riƙo su, suna ta fifita da takardar shiri. Baya kuma ɗalibai ne da malamai suka tilasta wa zuwa, sai an buga musu hatimi a tikiti za a ba su maki. An ɗauke wuta ana gab da farawa, aka ta da janareta, rabin fankoki ne ke juyawa.

Waƙata ce ta huɗu. Da na isa inda murya ke hawa, wurin da a da nake riƙewa har mutane su miƙe tsaye, sai ta tsage. Kamar ƙofa mai tsatsa. Wata yarinya a baya ta ce, ba ma a hankali ba, wai haka kakarta ke yi a banɗaki. Tafin da aka yi mini na tausayi ne. Da sun jefe ni da tumatir da ya fi mini.

Sai aka zo kan tamu. Na yi baitina. Kuya ya shiga nasa, ya yi layi ɗaya, ya tsaya. Mai fiyano ya zagayo, ya sake zagayowa. Hannun ya fito daga aljihu yana ta karkarwa a gefensa. Ni ina baya, fuskata na zafi tun daga waccan waƙar. Ban shirya komai ba, Allah ya sani. Na dubi mutane, na ɗaga gira, na duba agogon da babu shi a hannuna. Wani ya yi dariya. Sai na saki hannuna ya yi rawa irin nasa.

Zauren ya fashe. Har ɗaliban, har suna dukan kujeru. Na manta yadda abin yake shiga jiki, daga tafin ƙafa yake tasowa. Da dariyar ta lafa mai fiyano ya tsallaka zuwa amshi, muka ƙarasa tare.

A bayan labule Kuya ya dafa kafaɗata yana haki, bakinsa har kunne.

"Kin ji su, Bunso? Har yanzu suna son mu."

Na ce na ji.

Lahadi, 7 ga Fabrairu

Na sake yi. Sun fi jiya dariya.

Talata, 9 ga Fabrairu

Direk ya bugo waya gidan maƙwabta, aka kira ni. Ya ce kada in canja komai, wurin nan shi ne gishirin wasan, mutane har tambayarsa suke a wurin sayar da tikiti. Na tambaye shi ko Kuya ya san abin da nake yi. Ya ce mene ne na ta da wa tsoho hankali, ba ga shi nan yana murna ba.

Na ji daɗi da ya faɗi haka. Sai ya zama kamar ba ni na yanke ba.

Lahadi, 14 ga Fabrairu

Ko kujera ɗaya babu. Na ƙara abubuwa. In Kuya ya tsaya, sai in zauna a kan akwatin in yi fifita, in ƙirga da yatsu, in yi kamar gyangyaɗi ya kwashe ni. Hannun nake ajiyewa sai ƙarshe, don shi suke jira.

A bakin ƙofa wata mata ta miƙo takarda in sa mata hannu. Ta ce ni da tsohon nan mun iya, sai ka rantse da gaske yake mantuwar. Mijinta ya ce mata ai da gasken ne, ba ta ga idonsa ba? Ita ta yi dariya, shi bai yi ba. Wasu samari uku sun wuce suna kaɗa hannu irin yadda nake yi, ɗaya na cewa ɗaya, Lolo, wato kaka, an tashi, je ka gida.

Ate Saling tana cire mini allurai daga riga, bakinta cike da su. Sai da ta zare su ɗaya bayan ɗaya ta soke a matashi, sannan ta ce, "Luming, kin tuna dalilin da ya sa kike tsayawa a bayansa a waƙar nan?"

Na ce igiyar takalmina ta tsinke, ta duba mini.

Na tuna mana. A 1952 ne, ina da cikin ɗana Dante, babu aure, uban, ma'aikacin jirgin ruwa, ya koma jirginsa. Mai gidan wasan ya ce in tattara kayana, ba a ɗora abin kunya a dandamalinsa. Kuya Inggo ya ɗauki hularsa ya ce in Luming ta fita shi ma ya fita, a nemo wanda zai cika zauren ranar Asabar. Daga nan ya sake tsara waƙar. A da kafaɗa da kafaɗa muke yi. Ya mai da ni baya, ya ba ni akwati in riƙe a gabana, shi ya tsaya ya tare ni da jikinsa. Har wata bakwai ina aiki, babu ɗan kallon da ya gane. Mutane suka so tsarin, aka bar shi haka.

Na sha ruwan citta, na kwanta da wuri.

Asabar, 20 ga Fabrairu

Zan rubuta shi yadda ya faru.

Kuya ya riga kowa zuwa, ya yi aski, farar rigarsa ta sha guga. Ya ja ni gefe ya ce duk makon nan shi da Nenita, 'yarsa, safe da yamma suna kan baitin. Ta rubuta masa shi da manyan baƙaƙe a jikin kwali, ta manna a bangon ɗaki. Ya rera mini a ɗakin kwalliya, tun daga farko har ƙarshe, ko tuntuɓe bai yi ba. Ya ce yau zai ba ni hutu, ya san ni ke ta rufa masa asiri in ya tsaya. Haka ya ce. Rufa asiri.

A dandamali ya yi layi na ɗaya. Ya yi na biyu. Ya shiga na uku, muryar ta buɗe kamar ta da. Zauren kuwa ya fara motsi. Ina jin su suna jira, ina jin kujeru na ƙara. Wani daga baya ya kira ni Lola, wato kaka, ya ce, "Lola, hannun fa?" Aka ɗan yi dariya. Na ga waƙar za ta wuce lafiya, ni kuma in tsaya da akwati kamar turke, in koma tsohuwar nan mai tsagaggiyar murya ta waƙa ta huɗu.

Sai na shigo da amshi. Saura layi guda lokacina ya yi, na sani sarai.

Ya tsaya. Ya juyo da kai kaɗan, kamar wanda aka kira sunansa a kasuwa. Bakinsa na motsi, babu abin da ke fita. Shi ke nan, ya tafi. Na zauna a kan akwatin, na yi fifitar, na yi ƙirgar, na yi hannun. Ba su taɓa dariya irin ta yau ba. Sau biyu aka buɗe mana labule.

A ɗakin kwalliya ya zauna da hodarsa a fuska, bai goge ba. Can ya ce, "Yi haƙuri, Bunso. Na ɗauka na riƙe shi."

Ni yake ba haƙuri.

Nenita tana tsaye a lungun fita da jakarta a ƙirji. Ni na riƙe ta a coci ranar baftisma, Ninang, wato uwar baftisma, take ce mini tun tana koyon magana. Ba ta gaishe ni ba. Ta ce tana layi na shida, yau ne zuwanta na farko, ta karɓi hutun aiki don ta ji Tatay, wato babanta, ya yi baitinsa. Ta ce mako guda tana bin waƙar nan, ta san inda kowa ke shiga.

"Ba lokacinki ba ne, Ninang. Kuma na ga sauran."

Na fara cewa Direk ne. Ta ce ba Direk ta gani a kan akwati ba. Ta ce ita ba za ta faɗa masa ba, don ba ta san da wane baki ba. Ni zan faɗa.

Lahadi, 21 ga Fabrairu

Na aika a ce zazzaɓi. An tsallake waƙar. Na rufe shago, na wuni ina jera gwangwanayen da a jere suke.

Laraba, 24 ga Fabrairu

Larabar Toka, farkon azuminmu na coci, ranar da ake shafa mana toka a goshi. Na bi layin ikirari, inda ake furta zunubi, kusan awa guda. Da na durƙusa sai na ce na yi gulmar maƙwabciya, na kuma fasa zuwa coci sau biyu. Fada, limamin cocin, ya tambaya ko akwai saura. Na ce babu. Na fito da toka a goshi, mutane suna ba ni hanya kamar wata ta kirki.

Alhamis, 25 ga Fabrairu

Na je Pandacan, unguwar su Kuya. Sau biyu na wuce ƙofar gidan kafin na ƙwanƙwasa. Nenita ta buɗe, ta dube ni, ta ɗauki kwandon cefane ta fita.

Yana zaune kusa da taga da rediyo a cinya. Kwalin yana nan a bango. Ya yi murna da zuwana, ya tambayi zazzaɓin. Na ce babu wani zazzaɓi. Na faɗa masa a tsaye, ban ko ajiye jaka ba: cewa ba don son mu suke dariya ba, cewa tun ranar farko ina wasa da shi a bayansa, cewa hannunsa nake kwaikwayo.

Ya kashe rediyon. Sai ya ce in matso, in yi masa ya gani.

Na ce Kuya, don Allah.

Ya ce mutum ɗari huɗu suna gani kowane mako, shi kaɗai ne bai gani ba, alhali da shi ake yi.

Na yi. A tsakar falonsa, da rana tsaka, taku ɗaya tsakanina da shi don idonsa ya kama. Na zauna a kan kujerar katako, na yi fifita da hannu, na ƙirga yatsu, na yi gyangyaɗi. Babu kiɗa, babu dariya, sai kukan kajin maƙwabta. Daga ƙarshe na yi hannun. Ya sunkuyo yana kallo kamar mai duba ɗinki.

Ya ce na dama nake yi, nasa na hagu ne. Ya ce gyangyaɗin ya yi kyau, amma ina saurin farkawa.

Na ɗauka an gama. Sai ya tambaya, ranar Asabar, shi ne ya yi jinkiri ko ni ce na shigo da wuri.

Na ce ni ce.

Ya ce da gangan?

Na ce e.

A nan ne fuskarsa ta canja. Ya ce dariya ba komai ba ce, shi ma ya ci abinci da faɗuwar wasu, sana'ar ke nan. Amma kwana biyar ke nan yana zaune da tunanin kansa ya tafi. Ya ce abin da ya haddace safe da yamma ya ɓace a numfashi ɗaya, to me ya rage? Ranar Litinin ya sa Nenita ta nemo masa likitan ƙwaƙwalwa. Ya fara faɗa mata inda takardun gida suke, tun yana iya tunawa.

"Kwana biyar, Luming."

Ban san me na ce ba. Na dai yi magana, wani abu game da muryata da yarinyar nan ta baya. Ya ɗaga hannu na yi shiru. Ya ce zai zo ranar Asabar, sunansa na kan takarda, kuma bai taɓa fasa wasa ba ko ranar da aka yi ambaliya. Abin da zan yi a bayansa kuma, ya ce wannan ruwana, shi ba gani yake ba.

Ya kunna rediyon. Na fito.

Asabar, 27 ga Fabrairu

Kuya bai yi mini magana ba kafin mu shiga. A layi na uku ya tsaya, wannan karon babu hannuna a ciki, ina jin tsoro ne ya kama shi a daidai wurin. Zauren ya gyara zama. Na riƙe akwatin da hannu biyu har yatsuna suka yi sanyi. Suka fara kira, Lola, Lola. Wani ya yi fito. Ƙafata tana so ta kai ni ga zama, kamar ba tawa ba.

Na yi taku biyu na tsaya kusa da shi, na faɗa masa kalmar a kunne. Lasifika ta kama, kowa ya ji. Ya ɗauka daga nan ya kai ƙarshe.

Tafi kaɗan, daga layukan gaba. A baya wani ya ce an cuce su. A bakin ƙofa wata ta tambaye ni ko har yanzu jikin ne, ta ce ta kawo surukarta musamman don ta ga abin hannun.

Direk ya shigo ya rufe ƙofa. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya kira ni Tita, wato inna, ya ce mutane dariya suka zo yi, ba jinya ba. Tunda ba zan yi ba, zai cire baiti na biyu gaba ɗaya, daga nawa a tafi amshi, don ba zai bar zaure yana kallon tsoho yana laluben kalma ba. Kuya yana goge hoda a gaban madubin da ba ya ganin komai a ciki. Ya ce, "To, Direk."

Wato da na yi, na ci mutuncinsa. Da na bari, an ƙwace masa baitinsa. Duka biyun ni ce.

Lahadi, 28 ga Fabrairu

Minti biyu waƙar ta zama. Kuya yana tsaye a gaba, ba shi da abin yi sai amshi.

Lahadi, 7 ga Maris

An rufe. Zaure rabi. An ba kowa fure, Direk ya kawo taliyar pansit da lemo, aka ɗauki hoto. A hoton na tsaya can gefe kusa da Ate Saling. Ta ce in riƙe rigar, ai babu wanda za ta yi wa kuma. Nenita ta zo ɗaukar babanta, ta ce mini sannu, Ninang, a taƙaice. Shi ya ɗaga mini kai.

Abin da ban faɗa wa kowa ba: ina kewar dariyar. Ina wanke kwano sai in tuna ta ranar ashirin ga Fabrairu, wadda ta fi kowacce muni, jikina ya yi ɗumi kafin kunyar ta iso. Kullum ɗumin ke riga zuwa.

Talata, 23 ga Maris

Na raka Kuya asibitin ido yau, karo na uku. Nenita ba za ta iya ta barin aiki ba, ni kuma shago ba ya ciniki da safe, shi ke nan dalilin. Sun ce bayan bikin Ista za su cire yanar ta ido ɗaya. Likitan ƙwaƙwalwar ya ce shekaru ne kawai.

Kuya ba ya yawan magana da ni. A jipni, motar haya, ya ce ina saurin tafiya, kuma na sa shi ya taka ruwa. A layi ya ci rabin burodin da na kawo, ya ce ya bushe, ya cinye sauran. Bai ce ya yafe ba, ni ma ban tambaya ba.

Jiya wani mutumin talabijin ya zo har shago, Direk ne ya ba shi adireshi. Suna da shirin barkwanci na ranar Lahadi, suna son tsohuwar nan mai akwati da hannu. Za su samo wani ɗan wasa ya yi tsohon, ba sai an dami kowa ba. Mota za ta riƙa zuwa ɗaukata. Ya ce duk ƙasar za ta gan ni.

Na daɗe ina goge teburin. Na ce masa gwiwata ba ta bari in zauna in tashi yanzu. Ya ce a yi a tsaye mana. Na ce tsayuwar ma. Ya bar katinsa, na naɗe wa wata mata busasshen kifi da takarda, ina jin katin ya bi ciki.

Gwiwar lafiyarta ƙalau. Jibi ƙarfe bakwai za mu koma gwajin jini, sai na tashi da wuri.